Almajirin Rasha Da Gawar Mayya

A unguwar Faisal ta Alƙahira, inda waɗansu ɗalibanmu da fatake ke haya, wani majigin Rasha ya ta da gardama. Sunansa Viy, an yi shi a 1967 daga labarin Gogol, ana kuwa kallonsa a faifai cikin ɗaki.

Wani almajirin coci, Homa, aka tilasta wa karatu dare uku a kan gawar mayya. Ya kewaye kansa da zanen alli, aljannu suka kasa ganinsa. A dare na uku suka ɗauko babbansu, suka ɗaga masa fatar ido. Homa ya waiwaya, ya halaka.

Fatake suka ce tatsuniya ce. Samari suka ce dodannin sun tsufa, ba su da ban tsoro. Dattawa suka ce kada yara su gani.

Mu malaman allo, abin da muka gani dabam ne. Yaron nan giya ya sha don ya kashe tsoro. Karatu na bakinsa, zuciyarsa na waje. Zanen bai fashe ba, shi ne ya ɗauke ido daga littafi.

To, iyaye masu aiko 'ya'ya Azhar, ku riƙa binciken natsuwarsu, ba yawan hadda kaɗai ba. Allah ya tsare mana su, amin.