Minti Goma Bayan Asuba



Ba sai na tuna wa kowa daren 11 ga Disamba 2020 ba, daren da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kwana a nan Ƙanƙara. Bayan kwana shida aka sako su, gari ya yi murna, amma ni barcina bai dawo ba. Ko babur ne ya wuce da dare sai in zabura, ƙirjina na dukan uku-uku. A aji kuwa malam na bayani, ni kunnena yana waje. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce na cika tsoro.

Kaka ce ta gano ni. Ita ma rashin tsaro ne ya taso ta daga ƙauyenmu a yankin Faskari, ta baro gona da rumbu ta dawo gidanmu. Ta fi ni asara nesa ba kusa ba, amma kullum bayan sallar asuba za ka gan ta zaune a kan dadduma da carbinta, shiru, har rana ta fito.

Wata safiya ta ce, "Kishiyata, zo nan ki zauna." Na zauna, na fara jan carbi da sauri don in gama in tashi. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ke bashi kike ƙirgawa? Ɗaya bayan ɗaya. Ja numfashi, ki sake shi a hankali da istigfari, kina sanin abin da bakinki ke faɗa."

Gaskiya makon farko wahala na sha. Kafin in kai goma hankalina ya tafi wajen jarrabawa, ko ɗumamen da ke kan wuta. Kaka ta ce zuciya akuya ce, in ta tsinke sai a kamo ta a sake ɗaurewa, ba a dukanta.

Na san amfanin zaman nan ne a watan Satumba na 2021, da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da wasu ƙananan hukumomi. Yayata tana aure a Sabuwa, ga jita-jita kullum, ga ba halin a kira ta. Minti goman nan ne kaɗai lokacin da zuciyata ke kwanciya, kuma a hankali na koma yin barci har sai an tashe ni.

Daga baya malaminmu na kimiyyar halittu ya yi mana bayanin da ya sa na tuna da Kaka. Ya ce in mutum ya tsorata jiki na fitar da wani sinadari, adirenalin, mai sa zuciya gudu, shi kuma numfashi mai tsawo a hankali yana rage mata gudun. Bugun zuciyar babba mai lafiya a zaune yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Na gwada da agogon Baba: kafin in zauna 94, bayan na tashi 78.

Sallata ma ta canja. Da can sai in sallame ban san surar da na karanta ba, yanzu ina jin abin da nake faɗa. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: Manzon Allah (SAW) yakan keɓe a kogon Hira, ga kuma masu i'itikafi a goman ƙarshe na azumi.

Ban ce zaman nan na maye gurbin asibiti ba. Kaka kanta ba ta wasa da maganin hawan jininta, kuma ina da ƙawar da sai da ta ga likita kafin firgitarta ta lafa. Har yanzu ni ma nakan zabura in na ji ƙara da dare. Sai dai yanzu nakan laluba ƙarƙashin matashi in jawo carbin da Kaka ta ba ni, kuma da wuya in kai ƙarshensa ido biyu.