Ƙetare Binuwai a Lau ranar da iska ta tashi

Daga Jalingo zuwa Lau ba wata tafiya mai nisa ba ce. Ka bi ta Kona, mota ta yi ta jijjiga ka har ka hango kogin Binuwai. Aikin yana bakin ruwa, domin mai son shiga Karim Lamido ta nan sai ya damƙa wa kwale-kwale amanar ransa, shi da babur ɗinsa da buhunansa.

Farkon damina ne, ruwa bai cika ba, tsibiran yashi sun fito ko'ina. Da na nemi rigar ruwa, matuƙinmu, wani dattijo mai furfura, ya zaro ɗaya daga ƙarƙashin benci, igiyarta guda a tsinke. "Malam baƙo ne ko?" in ji shi, fasinjoji suka kwashe da dariya. Hukumar NIWA ta wajabta sa rigar, ta kuma hana tafiyar dare, amma a nan mai sa ta kallon matsoraci ake masa. Abin mamaki, wannan kogin ne a Oktoban 2023 ya ci 'yan kasuwa da dama da suka taso daga kasuwar kifi ta Mayo Ranewo za su Binnari.

Mun kusa tsakiya gabas ta yi baƙi. Baba bai jira yayyafi ba, ya karkata kan jirgi ya cusa shi cikin yashin wani tsibiri, ya ce kowa ya zauna ƙasa. Wani ɗan kasuwa ya fara mita wai za a makarar da shi. Bai rufe baki ba iska ta iso da ƙura, ruwa ya fara tashi yana fari.

Wani ƙaramin jirgi da ke bayanmu, ɗauke da babur da buhunan shinkafa, shi ya ƙi tsayawa. Igiyar ruwa ta same shi a gefe, mutanen ciki suka zabura suka koma ɓangare guda, nan take ya kife. Salati ya kaure.

"Ku riƙe jirgin! Kar wanda ya saki!" Baba yake ta ƙwala musu. Jirgin katako ko ya kife ba ya saurin nutsewa, in dai kaya sun zube, kuma ya fi kan mutum sauƙin hangowa cikin ruwa mai tashi. Waɗanda suka maƙale a jikinsa su aka fara tsamowa. Wani saurayi da ya yarda da iyonsa ya nufi gaɓa, ruwa ya ja shi can ƙasa, sai da aka bi shi da jirgi.

Masunta ne suka yi ceton, babu wani jami'i a kusa, kuma da wuya ya iso kafin ruwa ya gama aikinsa. Na ga yadda suke kashe inji tun daga nesa don kada farfela ta sare mutum, su ƙarasa da filafili. Sai su jefa jarkar da babu komai ciki, a ɗaure da igiya. Ba sa yarda a kama musu gefen jirgi, ta baya suke jawo mutum, ɗaya bayan ɗaya, don wanda ya firgita yana iya kifar da mai cetonsa. Wani Alhaji babbar rigarsa ta sha ruwa ta naɗe masa hannuwa, sai da suka yaga ta da wuƙa.

Kowa ya fita da ransa. Mata suka lulluɓe masu rawar sanyi da zannuwa. Da iska ta lafa muka ƙarasa ƙetare, muka bar mai babur a gaɓa yana ciniki da masu nutso kan nawa za su karɓa su ciro masa shi washegari.