Tafkin Itaska, Inda Babban Kogi Ya Ke Rarrafe

 Makon nan za mu ajiye ludayi da allura, mu yi tafiya mai nisa, gama masu magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Inda za mu kuwa shi ne wani tafki can arewacin Amurka, cikin jihar da a ke kira Minesota, wadda ta yi iyaka da Kanada. Mutanen jihar nan suna yi mata kirari da ƙasar tafki dubu goma. Ba kuwa cika baki su ke yi ba, don da aka ƙidaya waɗanda suka kai eka 10 ko fiye, sai aka sami 11,842. Amma cikinsu duka akwai guda wanda ya fi saura suna saboda abin da ya haifa. Sunansa Itaska, daga cikinsa ne kogin Misisipi ya ke fitowa.

Tafkin nan yana cikin wani gandu na gwamnatin jiha. A Amurka, ban da manyan gandaye na Gwamnatin Tarayya, kowace jiha tana da nata dazuzzuka waɗanda ta keɓe domin jama'a su je su huta. Ba mai ikon ya shiga ya yi gona, ko ya kafa gida, ko ya sari itace ya kai kasuwa. Gandun Itaska shi ne wan saura a jihar, an kafa shi ran 20 ga Afrilu, 1891. Faɗinsa ya fi eka 32,000, a ciki kuma akwai tafkuna fiye da 100, manya da ƙanana. Kuɗin shiga na mota ne, ba na kai ba, watau mai 'ya'ya bakwai da mai ɗa guda abin da za su biya ɗaya ne. Lalle wannan dabara ce mai kyau, don ba uban da zai ce tsada ta sa ya bar yara a gida.

Mu cikin watan Yuli muka je, ni da maigida da yara uku, da wata yayata wadda ke zaune a birnin Miniyafolis. Daga birnin zuwa gandun mil 200 ne da 'yan kai, kamar tafiyar awa huɗu a mota, ana nausawa arewa. Da fari gonaki a ke ratsawa, sa'an nan a hankali sai gonaki su ja da baya, kurmi ya rufe hanya dama da hagu. Gari na ƙarshe mai kasuwa sosai shi ne Park Rapids, kamar mil 20 kafin ƙofar gandun, nan matafiya kan tsaya su cika guzuri.

Abin da kowa ke fara nema in ya iso shi ne mafarin kogi. A kan ajiye mota, a bi wata 'yar hanya ta cikin inuwa, tafiyar da ba ta isa ta gajiyar da tsohuwa ba. Sai ki iske tafki shimfiɗe a gabanki, a gefe guda kuma an jera duwatsu, ruwa yana tsallake su yana gangarawa cikin wani ɗan rafi wanda faɗinsa bai fi ƙafa 20 zuwa 30 ba, zurfinsa kuwa da ƙyar ya kai gwiwa. Ƙaramin ɗana ya shiga, ya duba nan, ya duba can, ya ce, "Inna, to, ina kogin?" Yayata ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ai a cikinsa ka ke tsaye."

A bakin ruwan an kafa wani gungume an sassaƙa rubutu a jikinsa, ana sanar da mai karatu cewa wurin nan ya ɗara teku tudu da ƙafa 1,475, kogin kuma zai yi tafiyar mil 2,552 kafin ya kai teku. Masu awo na yanzu sun ce tsawon bai kai haka ba, wajen mil 2,340 ne, don an miƙe waɗansu kwanoni nasa, shi ma kogin ya yanke waɗansu da kansa. Abin mamaki, da ya fita tafkin arewa ya ke fara nufa, sai daga baya ya karkata gabas, kāna ya juya kudu. Yana ratsa jihohi 10 ko ya bi ta iyakarsu. Ruwan da ya shafi ƙafarki yau, sai ya yi kamar wata uku yana tafiya kafin ya shiga teku kudu da birnin New Orleans, inda zurfin kogin ya kai ƙafa 200 a wani wuri, manyan jiragen ruwa suna kai da kawowa. Da yayyafi kogi kan cika.

Tsofaffi da yara, kowa ya tuɓe takalmi yana ƙetarewa, don ya koma gida ya ce ya ƙetare Misisipi da ƙafa. Duwatsun suna da santsi, saboda haka wadda ta goyo gara ta shiga ruwan sosai ta taka yashi, ko ta bi ta kan wani gungume da aka gitta kamar gada can ƙasa kaɗan. Duwatsun nan kuwa hannu ne ya jera su. Daga 1933, sa'ad da fatara ta kama Amurka, Shugaba Roosevelt ya tara samari marasa aiki ya watsa su dazuzzuka suna gyara. Su suka gyara bakin rafin, da can fadama ce mai laka. Sun kuma gina wani ɗaki da gumagumai masu kauri ƙwarai, har guda huɗu kaɗai aka ɗora bisa juna bango ya tashi. Yana nan har yanzu.

Cikin asalin masu ƙasar nan akwai kabilar Ojibwe, su kuwa sun san tafkin tun kaka da kakanni, suna kiransa da sunan wata ƙatuwar barewa. Turawa sun daɗe suna neman mafarin kogin suna ɓata, har a 1832 wani mai suna Henry Schoolcraft ya sami wani shugaban Ojibwe, Ozawindib, ya ja shi har bakin ruwan. Da ɗan gari a kan ci gari. Schoolcraft ne ya raɗa sunan Itaska. Ya ɗauki kalmomi biyu na Latin, veritas da caput, watau gaskiya da kai, ya yanke kan ta farko da wutsiyar ta biyu, ya haɗa saura.

Daɗa ga itatuwa. Irin wanda su ke kira fain ne, ganyensa siri-siri kamar allura, ba ya kaɗewa ko da sanyi, ga shi miƙe sak ya fi giginya tsawo nesa ba kusa ba. A wani wuri bakin tafki akwai jajayensu waɗanda suka yi wajen shekara 300. In kin tsaya ƙarƙashinsu kin ɗaga kai, sai ɗankwali ya zame. Irin waɗannan tsofaffin itatuwa da can sun rufe arewacin jihar, amma 'yan katako sun cinye galibinsu. Wani mai awon ƙasa, Jacob Brower, shi ya ga abin da ke tafe, ya dage wa Majalisar Dokokin jiha har ta yarda a keɓe wurin. Da ƙuri'a ɗaya tak aka rinjaya. Ku duba fa, da mutum guda ya yi zazzaɓi ran nan bai zo majalisa ba, da wataƙila yau kututture za mu iske.

To, ga labarin da na fi so ku riƙe. A farkon 1903 mai kula da gandun, John Gibbs, ya rasu. Gwamna ya naɗa 'yarsa Mary Gibbs a madadinsa, gama ita ce ta ke yi masa aikin takardu, ta san kome. Shekarunta 24. A lokacin nan wani kamfanin katako ya datse kogin kusa da bakin tafki, don ruwa ya taru ya ɗauki gumagumansu zuwa injin. Ruwa ya yi ta hawa har ya shiga gindin itatuwan gandu, itacen fain kuwa in saiwarsa ta daɗe cikin ruwa mutuwa ya ke yi. Ta aika a buɗe ƙofar ruwan, aka ƙi. Cikin watan Afrilu sai ta tafi da kanta, tare da ɗan doka riƙe da takardar hukuma. Suka iske heluman leburori da bindiga, ya yi rantsuwa duk wanda ya sa hannu ga ƙarfen buɗe ƙofar zai harbe hannun. Ɗan doka ya ja da baya. Ita kuwa yarinyar nan ta matsa, ta ɗora hannunta bisa ƙarfen, ta gaya masa ba zai harba ba. Bai kuwa harba ba. Ƙarfinta bai isa ya ɗaga ƙofar ba, aikin maza da yawa ne, amma daga bisani hukuma ta sa aka buɗe, ruwa ya janye, itatuwan bakin tafki suka tsira.

Kada ku zaci an yi mata tukwici. Kamfanin ya garzaya kotu ya samo oda a kanta, ba a jima ba kuma aka ba wani aikinta, bayan ta yi 'yan watanni kawai. Aka ci gaba da saran itace a yankin har wajen 1920. Amma gaskiya ba ta ruɓewa. A 2005 aka buɗe babban zauren baƙi kusa da mafarin kogi, aka sa masa sunanta, yanzu duk mai zuwa ƙetare Misisipi ta ƙofar Mary Gibbs ya ke wucewa. Sunan mai bindiga kuwa sai a tsofaffin takardu.

Abubuwan yi ga iyali ba su ƙirguwa. Akwai bakin ruwa mai yashi inda yara ke iyo, kusa da shi ga teburori da murahu cikin inuwa, kowane gida ya kama nasa yana gashi. Ana ba da hayar kekuna da kwalekwale. Akwai wata hanya ta mil 10 da ta zaga cikin kurmi, mota ba ta gudu, ana tafe ana tsayawa. A kan hanyar nan ne a ke ratsewa zuwa wata hasumiyar ƙarfe mai tsawon ƙafa 100, wadda dā a ke hawa don hangen gobarar daji. Akwai kuma inda masu tone-tone suka sami ƙasusuwan ɓauna da wuƙaƙen dutse na mafarautan da suka zauna nan wajen shekara 8,000 da suka wuce. Mun ga barewa ta gitta hanya da ɗanta, mun ga mikiya mai farin kai, wadda ita ce tambarin Amurka. Da dare kuma wani tsuntsun ruwa da a ke kira lun ya kan yi kuka mai tsawo kamar guɗa daga nesa, har tsikar jiki ta tashi. Mai son kwana sai ya kafa tanti, ko ya kama ɗaki a masaukin Douglas, wanda aka gama gina shi da gumagumai tun 1905, amma fa da rani sai an riga an kama wuri tun da wuri.

A gefen tafkin za ki ga wata ciyawa tsaye cikin ruwa. Shinkafar daji ce, ba mai shuka ta, ita ce cimar Ojibwe tun dā. Wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba a kan shiga da kwalekwale mutum biyu, ɗaya yana tura jirgi da gora, ɗaya riƙe da sanduna biyu, ya tanƙwaro kan ciyawar da guda, ya kaɗe tsaba cikin jirgi da guda. Abin da ya zube a ruwa shi ne irin baɗi. Tsabarta baƙa ce doguwa, ta fi tamu daɗewa a wuta, in ta nuna sai ta tsage, ga ƙanshi kamar na gyaɗa soyayya.

Wadda Allah Ya nufa da zuwa, ga shawara. Dokar jihar ta ce yaron da bai kai shekara 10 ba lalle ya sa rigar hana nutsewa in jirgi yana tafiya, ni kuwa na ce babba ma ya sa. Idonki kada ya bar yaro a bakin ruwa, ko da mutane sun cika wurin, gama abin da kowa ke tsaro shi ne ba mai tsaro. Sauro yana da yawa da maraice. Akwai kuma kaska cikin ciyawa, wata ƙarama tana sa ciwo, don haka a duba jikin yara kafin su kwanta, har bayan kunne. Rigakafi ya fi magani. Ba a zuwa da itacen wuta daga ko'ina sai wanda hukuma ta yarda da shi, don gudun ƙwarin da ke kashe itatuwa. Abinci a kulle shi cikin mota da dare saboda namun daji. A watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 9 na dare, sai a lura da lokacin Magariba. Da hunturu kuwa tafkin daskarewa ya ke yi har a yi tafiya a kansa.

Abu biyu na ke so mu yi tunani a kai. Na fari, na ga maza suna hura wuta suna juya nama, uwargida tana zaune ta miƙe ƙafa, kaka tana nuna wa jika tsuntsu. Ba wanda rawaninsa ya faɗi. Matar da ke tsakanin murhu da turmi shekara da shekaru, ita ma tana bukatar yini guda na shan iska, yaron da ya san sunan itace da tsuntsu kuma ba zai tashi ya zama mai ɓarnar daji ba. Ba sai an je Amurka ba, maigida, inuwa da bakin ruwa ba su da nisa da kowa, tabarma da ƙwaryar fura sun isa. Na biyu, abin da kakanni suka bari amana ne, amana kuwa ba ta san mace ko namiji ba. Wata ran ke ce za a ce ki sa hannu.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.