Milimita biyu tsakanin fistan da bawul

Noman rani a fadamun Wurno da Rabah da Goronyo ya rataya ne a wuyan ƙaramin injin ban-ruwa. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana tare ruwan Gulbin Rima, amma injin ne ke ɗago ruwa daga gulbi ko rijiya zuwa gindin albasa da tafarnuwa da shinkafa.

Idan injin ya yi zafi har kansa ya lanƙwashe, akan kai kan wurin masu na'ura su goge shi ya daidaita. Wasu ma da gangan suke ƙara gugar, domin matsi ya ƙaru, injin ya ƙara ƙarfi. Sai dai kowace guga tana kusanto da bawul zuwa ga fistan. Haka ma siririn gaskit, ko haƙorin taimin da aka saka a karkace.

Haɗarin yana aukuwa ne a lokaci guda: sa'ad da fistan ke isowa ƙololuwa, bawul ɗin hayaƙi bai gama rufewa ba, na iska kuma ya fara buɗewa. Injin da ke juyi 3,600 a minti yana maimaita wannan haɗuwa sau 30 a kowace daƙiƙa. Ga shi kuma ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi. Shi ya sa masu haɗa injinan tsere a Amurka suke barin tazarar kimanin milimita 2 ga bawul ɗin iska, da 2.5 ga na hayaƙi.

Bakanike mai hattara ba ya buƙatar kayan awo masu tsada. Yakan ɗora ɗan curin yumɓu mai laushi a kan fistan, ya shafa wa bawul mai don kada ya manne, ya ɗaure kan da gaskit ɗinsa, ya juya injin da hannu zagaye biyu a hankali. Idan ya ji tirjiya, ba ya tilastawa. Daga nan ya kwance, ya yanka yumɓun da reza a inda bawul ya danna. Kaurin abin da ya rage shi ne tazarar.

Wahalar ba a awon take ba, tana wajen mai injin da ke tsaye a kansa. "Malam, ɗaure mini haka nan, albasa na jin ƙishi," in ji manomi. Bakanike ya ce, "Alhaji, yi haƙuri da sa'a guda." Duk wanda ya taɓa ganin bawul ya lanƙwashe, fistan ya fashe, ya san abin da ke biyo baya: tafiya Sakkwato neman kaya, bashi, da kwanaki babu ruwa daidai lokacin da albasa ke yin kai. Kwanakin nan ba a rama su, ko da injin ya dawo kamar sabo.