Ashe Ba Laifin Masu Tirela Ba Ne

Mai karatu, da a ce wani ya gaya mini zan kai lokacin da faɗuwar rana za ta riƙa sa gabana faɗuwa saboda tuƙi, da dariya zan yi masa. Ni ne fa wanda ya koyi mota da Fijo 504 tun 1986, kuma a danginmu duk wata tafiyar dare ni ake nema. Kano zuwa Katsina kuwa, har cika baki nake yi cewa ko ido a rufe na san inda kowane rami yake.

Abin bai zo mini rana ɗaya ba, a hankali ya riƙa satar jiki. Da farko sai na ga duk fitilar da ta tunkaro ni ta yi wani irin kambu, ta tarwatse a gilashin gaba kamar an watsa gari. Na wanke gilashi ciki da waje. Na sake ƙwan fitila har sau biyu. Daga nan sai na koma zagin masu tirela, wai ba su san dim ba, wai fitilun zamani ne masu farin haske suka lalata hanya. To, akwai gaskiya a ciki, don wasunsu ko ka yi musu alama sau goma ba za su sauke fitila ba. Amma can ƙasan zuciyata na san da ma haka suke, kuma a da ba su hana ni ganin gefen kwalta ba.

Ban gaya wa kowa ba. Sai dai na tuna kakarmu tana cewa maganin dundumi hanta, don haka na shafe wata guda kullum da yamma ina wajen mai tsire, har ya fara ajiye mini hanta tun kafin in iso. Uwargida ta zaci wani sabon kwaɗayi ne ya same ni da tsufa.

Cikin hunturun 2020 muna dawowa daga biki a Katsina, ni da uwargida da jikokina biyu a baya, babban ɗana kuma yana gefena. Ya ce, "Baba, ko in karɓe ka?" Na ce masa tun ba a haife shi ba nake bin hanyar nan. Mun wuce Tsanyawa ke nan muna dosar Bici, ga hazo, sai wata tirela ta dallaro mu. Duniya ta yi mini fari fat. Tana wucewa kuma ta koma baƙi ƙirin. Ban ankara ba sai na ji ya ƙwalla ƙara, "Baba, amalanke!" Na taka birki iya ƙarfina, mota ta yi ƙugi ta ja gefe, muka tsaya karan da aka ɗoro wa amalanken yana gogar madubina. Yaron da ke kora shanun bai fi shekara goma sha biyu ba.

Da muka natsu na tambayi ɗana tun yaushe ya gan ta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Tun daga nesa, Baba. Na zaci ka gani." Wallahi wannan maganar ta fi ƙarar birkin tsorata ni. Fitila ɗaya ta haske mu, gilashi ɗaya muke kallo ta cikinsa, shi ya gani, ni ban gani ba. To wa kuma zan zaga?

Daga baya na zauna na yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. In haske ya ɗauke maka gani na daƙiƙa uku kacal, ka yi tafiyar fiye da mita 80, wato kusan tsawon filin ƙwallo, a makance, da iyalinka a baya.

A asibitin ido likita ta ɗiga mini magani, ta haska, ta ce yana ce ta fara fitowa a idanun biyu, na dama ya fi. Ta yi mini bayani cewa a bayan 'yar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido akwai wani abu garai-garai kamar gilashi, shi ke tattara haske. In shekaru suka ja sai ya fara dusashewa, maimakon ya tattara hasken sai ya warwatsa shi. Da rana ba ka cika lura ba, amma da dare fitila ɗaya ta isa ta rufe maka komai. Ga shi kuma idon babba ba ya buɗewa sosai a duhu kamar na yaro, kuma yana daɗewa kafin ya farfaɗo in haske ya buge shi. Ta ce masu ciwon suga ma abin yakan riga zuwar musu, ta sa aka gwada ni.

Cikin jin kunya na ba ta labarin hanta. Ta yi dariya ta ce kakarmu ba ta yi kuskure ba, akwai dundumin da rashin bitamin A ke kawowa, kuma hanta da manja da karas suna da shi. Sai dai nawa ba shi ba ne, ko shanun Kano duka na cinye hantarsu yanar ba za ta gushe ba sai an yi aiki.

Na yi wata takwas ina jan ƙafa, don ni tsoron a taɓa mini ido nake yi. Ashe aikin ko awa guda ba ya kaiwa, a cire dusasshen a sa na roba a madadinsa, ido biyu kana jin hirarsu. Washegari da aka buɗe bandejin, abin da na fara lura da shi shi ne rigar da ke jikina. Shekara nawa ina ganinta ruwan madara, ashe fara ce sol.

Na hagun har yanzu yana jiran nasa lokacin. Kafin nan, in tafiya ta kama mu kuma na ga rana ta yi ja, nakan nemi gari mafi kusa in tsaya, mu yi sallar magariba, in miƙa wa yaron makulli in zagaya ɗaya gefen. Rannan ƙaramar jikata ta leƙo daga baya ta ce, "Kaka, kai ma an hana ka tuƙi ne?" Na ce mata a'a, hutawa nake yi.