Awon Dogo a Funtua

Malumfashi ba ta da layin dogo. Shi ya sa da wani shugaban makarantar firamare ya ba kawuna aikin ƙera ɗan jirgin ƙasa na gwangwani, irin wanda ya riƙa kwashe audugar ƙasar nan a da, sai Kawu ya koma ga hotunan waya. Maƙerin gwangwani ne, mazurari da aci-balbal da murhu su ne abincinsa, hannunsa kuma ba ya karkacewa a dalma. Jirgi ya yi kyau har yara na tururuwar kallo, amma da an tura shi ya kai kwana sai ya zame daga kan dogonsa ya kife. Abin ya hana shi barci. Ya ce in raka shi Funtua ya ga dogo da idonsa.

Muka kama hanya da hantsi, jirgin na cikin kwali a cinyarsa. Kaka ce, an karye masara, dawa ta sunkuya, nan da can gonar auduga ta yi fari, ko da yake waken suya ya cinye mata fili sosai. A Bakori aka cusa mana buhuna biyu a but, direba ya so ya ɗora kwalin a kai, Kawu ya ce sai dai a ɗora shi.

Dogon Funtua wani yanki ne na layin da ya tashi daga Zariya ya bi Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929. Auduga da gyaɗa suka jawo shi, su kuma suka raya garin, da gidan gurzar auduga na BCGA da sauransu. Mun same shi shiru, ciyawa ta rufe wani gefe, awaki na kiwo. Kawu ya tsuguna ya shimfiɗa tef tsakanin ƙarafan biyu: milimita 1067, wato ƙafa uku da rabi.

Muna cikin haka wani dattijo ya taso daga gindin bishiya. Tsohon ma'aikacin reluwe ne. Ya karɓi jirgin, bai ko dubi fentin ba, ya kifa shi ciki sama.

"Malam, wannan ai kan jirgin Abuja ne ka ɗaura wa taragon Funtua."

"Alhaji, jirgi ba jirgi ba ne?"

"Ina! Je ka auna na Rigasa ka gani."

Gaskiyarsa. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1435 ne, haka ma na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa. Kawu ya ƙanƙanta komai sau ashirin, don haka ƙafafun jirgin Funtua ya kamata su ba juna milimita 53, shi kuwa ya bi hoto ya ba su kusan 72. Dattijon ya ci gaba da tonawa ba sassauci. Tarago ƙafa takwas ne, huɗu huɗu a kan ƙaramin gado mai juyawa, ba a kafe su a jiki irin na a-kori-kura ba. Leɓen ƙafa ta ciki yake, Kawu ya sa nasa ta waje. Ƙafa biyu da sandarsu abu ɗaya ne, tare suke juyawa, fuskar ƙafar kuma ba shafaffiya ba ce, ta fi kauri wajen leɓe ta sirance waje. A kwana, ta waje tana hawa kan kaurinta, ta ciki tana sauka kan sirinta, da haka jirgi ke karya kwana ba sitiyari. Duk wannan a ƙarƙashi yake, inda mai ɗaukar hoto ba ya leƙawa.

Na so in rage wa Kawu zafi, sai na ce har Turawa ba su tsira ba. A Ingila mafi yawan masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa suna ƙanƙanta jiki sau 76, amma su ɗora shi a dogon milimita 16.5, alhali lissafi ya ba da kusan 19. Injinan lantarki na wancan zamani ne suka ƙi shiga ƙaramin jiki, aka faɗaɗa jikin aka bar dogon, har yau a haka ake sayarwa. 'Yan New Zealand, masu dogo irin na Funtua, su suka daidaita: sau 64 a kan wannan 16.5 ɗin.

"To ka ji, ɗana," in ji Kawu, "su da injin ma sun karkace."

Dattijon bai yi dariya ba. A ganina ma ya fi mu gaskiya, don yaron da bai taɓa ganin jirgi ba, abin da aka ajiye masa a aji shi ne jirgi.

Muka ci tsire, muka nufi tasha bayan la'asar. Kawu ya cika bayan kwalin da lambobi da zanen ƙafa. Kafin mu kai Bakori ya yanke shawara: taragu za su tsaya, ƙafafu da dogo duk sabo, kan jirgi kuma sai ya samo hoton tsohon na dizal. Abin da ya rage shi ne wa zai biya kuɗin dalma, tunda shugaban makaranta ya riga ya ce jirgin ya yi masa a haka.