Motar da Ba Zan Saya Ba, da Wadda Na Ƙi Sayarwa

A bangon ofishina akwai hoton wata koriyar mota mai kujera biyu, marar rufi, mai dogon gaba da fitilu kamar idanun mujiya. Ɗalibai kan tambaye ni, "Malam, wannan ta zamanin Turawan mulki ce?" Idan na ce musu sabuwa ce dal a ranar da na ɗauki hoton, sai su ɗauka raha nake yi.

Sunanta Morgan. Na fara ganinta ne lokacin da nake karatun digiri na uku a Ingila, na ziyarci masana'antarta a garin Malvern. Kamfanin ya haura shekara ɗari, amma motocin da yake fitarwa a shekara ba su kai dubu ba, alhali manyan kamfanoni kan wuce haka a yini guda. Siffarta ta yau ba ta yi nisa da samfurin 4/4 na 1936 ba. Na ga kafintoci suna fere katakon bishiyar ash, wanda shi ne ƙashin da ake lulluɓewa da farantan alminiyom, a gefe kuma maɗinka na ɗinka fatar kujeru. Duk inda ka duba a jikin motar sai ka ga sawun hannun mutum.

Idan ta hankali za a bi, wannan mota ba ta Kaduna ba ce. Ƙurar hunturu za ta yi wa direbanta furfurar dole kafin ya bar Kawo ya kai Kasuwar Barci, ruwan Agusta kuwa ya mai da ita kwatarniya. Ga ta ƙasa-ƙasa, ga kujera biyu tak a ƙasar da ake auna darajar mota da yawan dangin da take kaiwa biki. Albashin malamin jami'a ma, tun bayan cire tallafin man fetur a 2023, da ƙyar yake ciyar da motar da yake da ita. Saboda haka na daɗe ina ɗaukar wannan so a matsayin rauni irin na ɗan boko, har zuwa lokacin da maganar gadon mahaifinmu ta taso.

Marigayin, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin gwamnati ne. Cikin abin da ya bari akwai Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, da ya saya da rancen mota tun kafin a haife ni. Ƙirar Kakuri ce, daga masana'antar da ta fara haɗa motoci a 1975 a ƙetaren kogi. Ta shekara goma a fake gindin mangwaro a gidanmu na Unguwar Sarki, tayoyi sun zube, kaji sun mai da ita akurki. Wata rana ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, 'yan gwangwan sun yi tayi, a sallama a raba kuɗin kowa ya huta."

Gaskiyarsa ce, haƙƙin magada ne, kuma cikinmu akwai masu bukata. Amma da na buɗe ƙofar na zauna a bayan sitiyari, sai na gane abin da na je nema har Malvern yana tsakar gidanmu. Inji ne da mutum zai buɗe ya fahimta, ba sai an jona masa kwamfuta ba. Hannayen da suka ɗaure kusoshinta na mutanen garin nan ne, wasunsu na nan da rai. Ita wannan 504 tana da 'yar'uwa marar rufi mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana ta fito a 1969, yau masu tara tsofaffin motoci a Turai na rububinta. Mu kuwa muna auna tamu a sikeli, kilo kaza naira kaza.

Abin da ke jan zuciya ga irin su Morgan ba gudu ba ne, motocin zamani da yawa sun fi ta. Shaida ce cewa wata al'umma ta ƙi barin sana'ar kakanninta ta mutu, har ta mai da tsufa abin alfahari. Masu fasaha ba su ƙare mana ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka ya ga yadda ake mai da tarkace kayan aiki ya san haka. Abin da muka rasa shi ne ganin girman abin da ya fito daga hannunmu. Da tsohuwar zuma ake magani, in ba a zubar da ita ba.

Na biya 'yan'uwana kasonsu bisa farashin da aka taya, cikin wata huɗu. Yanzu motar na wurin wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar. Ranar da injin ya tashi, Hajiya ta leƙo ta wayata tana saurare, ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta ce, "Haka take kuka idan ya dawo daga ofis."